Sharhi: ’Yar Ford GT40 baƙa mai lamba 2, ta ajiya a kanta

Abin da na saya ƙaramin samfurin Ford GT40 Mk II ne na ƙarfe, girman 1:18, wato an raba kowane awo na ainihin motar gida 18 an ɗauki ɗaya. Baƙa ce wuluk, da ratsin azurfa daga hanci zuwa baya, da lamba 2 a cikin farar da’ira. Ita ce motar da Bruce McLaren da Chris Amon, ’yan ƙasar Niyuzilan, suka ci tseren sa’o’i 24 na Le Mans da ita a Faransa a watan Yunin 1966. Tsawonta taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya, kusan santimita 23, amma kana ɗaga ta za ka ji nauyin ƙarfe a tafin hannu.

Farkon abin da ya burge ni shi ne yadda ta kwanta a ƙasa. Lambar 40 da ke sunanta tsayin motar ne, inci 40 daga ƙasa zuwa rufi, mita ɗaya da ’yan kai, kuma wanda ya ƙera samfurin bai ƙara mata tsayi don taya ya samu wurin juyawa ba, kamar yadda ake yi wa masu arha. Ƙofofin ma an yi su daidai: suna cin wani yanki na rufin, ta yadda idan ka buɗe sai ka ga kujerar direba daga sama. Dalili kuwa, a Le Mans na wancan zamani direbobi a guje suke tsallaka titi su faɗa mota, kuma a tsakiyar tsere ana sauya direba cikin gaggawa. Mota mai gajarta haka, in ba a yanke rufin ba, shiga sai da rarrafe.

A ciki sitiyari yana hannun dama, sandar giya kuma tana damar direba, a jikin dokin ƙofa. Wannan gadon Ingila ne, domin a garin Slough aka fara haɗa GT40, bisa tsarin motar Lola ta Eric Broadley. Kujerun suna da ƙananan ramuka masu zoben tagulla don iska ta ratsa bayan direba, kuma a samfurin an fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina kallon wurin nan da fitilar waya. Gaba kuma, in ka ɗaga murfin, ga safaya taya a kwance, saboda dokar tseren ta ce dole mota ta ɗauki safaya.

Inda na yi ƙorafi shi ne injin. Ainihin Mk II tana ɗauke da injin V8 (mai silinda takwas) mai lita 7, wanda Amurkawa ke kira 427, irin wanda Ford ke sakawa a motocin tseren NASCAR na Amurka. Shi ya ba ta gudun da ya haura kilomita 320 a sa’a a miƙaƙƙen titin Mulsanne na filin Le Mans. A samfurin kuwa roba ce aka zuba aka shafa mata ruwan azurfa, kabireta da murfin inji duk launi ɗaya, babu wayoyin fulogi. Bututan salansa da ya kamata su nannaɗe juna an manne su dunƙule guda. Ga kuɗin da na biya, da na jirgi da na kwastan, wannan bai kamata ba. Maƙalin murfin baya ma yana da sako-sako, sai ka riƙe shi da yatsa kafin ka gama kallo.

Duk da haka ban yi nadama ba, don wannan mota ce ta rama wa Henry Ford II, shugaban kamfanin Ford na lokacin, abin da aka yi masa. A 1963 ya nemi sayen kamfanin Ferrari, ciniki ya kai ga sa hannu, Enzo Ferrari ya janye saboda ba zai saki ragamar sashen tsere ba. Ferrari ce ke cin Le Mans tun 1960 har 1965 ba fashi. Ford ya shiga a 1964 da 1965, ko GT40 ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Sai da Carroll Shelby, Ba’amurke mai ƙera motocin tsere, da mutanensa, waɗanda suka karɓi aikin tun ƙarshen 1964, suka yi ta gwaji, har suka ƙirƙiro dabarar sauya faifan birki cikin sauri, sannan a 1966 Ford ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku.

Amma duk lokacin da na kalli lamba 2, Ken Miles nake tunawa, direban mota mai lamba 1. A shekarar ya riga ya ci tseren Daytona da na Sebring a Amurka, kuma shi ne a gaba a Le Mans, sai manyan kamfani suka ce ya sassauta motocin su iso tare don hoto. Ya bi umarni. Alƙalan tsere suka ce motar McLaren ta taso daga baya da ’yan mitoci a farkon tsere, don haka ita ta fi cin nisa, aka ba ta. Wata biyu bayan nan, a Agustan 1966, Miles ya rasu a filin Riverside na Kalifoniya yana gwada wa Ford sabuwar mota. A ganina an zalunce shi, kuma duk wanda zai ajiye baƙar ya kamata ya nemi shuɗiyar mai lamba 1 ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Ita nake nema yanzu.

Wanda ke zaune a Arewa ya sayi akwatin gilashi tare da motar, kada ya ce sai daga baya. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan shan iska na gefe da na baya, kuma baƙin fenti ba ya ɓoye komai: ka goge da tsumma, gobe ka ga zane-zane. Burushin kwalliya mai laushi nake amfani da shi. A nisanta ta da taga, don rana tana busar da robar taya, tana kuma ɗaga lambobin da aka manna. Yara ƙanana kuma a bar su su kalla daga nesa, domin abin goge gilashi da notin tsakiyar taya suna karyewa da taɓawa ɗaya, kuma ba za ka samu madadinsu a kasuwa ba.