Sharhi: kibau masu nauyin kai a baka mai ƙarfin fam 45

Tun ƙarshen Satumba da aka buɗe lokacin farautar barewa da baka a nan Ohayo, Amurka, nake harbi da wasu kibau na kabon da aka cusa musu tagulla a gindin tsini. Kowace tana da nauyin giram 36. Waɗanda na saba da su giram 26 ne.

Abin da na fara lura da shi tsirkiya ce. Da, in na saki sai ka ji "tas!", bakan ya yi ta rawa a hannu. Yanzu ɗan "dum" ne kawai, domin kibiya mai nauyi tana kwashe yawancin ƙarfin bakan, kaɗan ke raguwa ya zama ƙara. Da na ɗaura zaren ulu a tsirkiyar sama da ƙasa, sai ta ƙara yin laƙwas.

Wannan ya fi mini gudu amfani nesa ba kusa ba. Sauti yana cin wajen mita 340 a daƙiƙa, kibiyar irin bakana kuwa da ƙyar take haura 50. Duk saurinta, kunnen barewa ya riga ta. In ta ji ƙara sai ta durƙusa za ta zabura, kibiya ta bi ta saman gadon bayanta. To, gara a rage ƙarar.

Maharban gida suna iya riƙe kibiyar kyauro mara nauyi saboda dafin kwankwani ne ke ƙarasa aikin. A Ohayo doka ta hana dafi, dole ƙarfen ya shiga da kansa. Dakta Ed Ashby, wanda ya daɗe yana gwajin kibau a kan namun dajin Afirka, ya nuna cewa fasa babban ƙashi sai kibiya ta kai wajen giram 42. Ga barewa dai 36 ta ishe ni. A gwaji tana nutsewa cikin abin bara har sai na sa ƙafa kafin in zare.

Aibinsu biyu ne. Da sun wuce mita 20 sai su fara sunkuyawa ƙasa, wanda hannunsa ya saba da marasa nauyi sai ya sake koyon auna nisa. Sannan gam ɗin da mai shagon ya liƙa tagullar da shi ba na kirki ba ne, wasu sun kwance tun a filin gwaji. In za ka saya, ka ce a ba ka tagullar daban ka liƙa da kanka.