Shagon gugar dutse a Balad, tsohuwar Jidda, na je na gani

Masu sayar da zoben aƙiƙ, wani dutsen ado, sun cika tsohuwar Jidda, daga Bab Makka har cikin kasuwar Alawi, amma wanda za ka kai wa naka dutsen ya gyara maka sai ka nema. Shagon da nake magana ɗaki ɗaya ne a cikin lungu, gaba akwatin gilashi, baya injin guga da bokitin ruwa. Mai shi dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, Hausa da Larabci a jimla ɗaya yake cakuɗa su.

Tsakiyar kakata, wato dutsen wuyanta, na kai masa, ja, da ita a wuya ta ratso Sudan ta iso nan. Gefenta ya ɓantare, ramin zaren ya faɗaɗa, ni kuma so nake a yanke ta a yi mini zobe. Ya ɗora ta a kan tocila, ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta taso daga ramin ta nufi ciki. "Hajiya, in zarto ya taɓa wannan, gida biyu za ta rabu. Kuma waɗannan ƙarce-ƙarcen na jikinta shekarun da ta yi a wuyan mai ita ne, kina so in share su?" Na ce, "To Baba, yadda ka gani." Ɓantararren gefen kaɗai ya lallaɓa, ya yi mata hular azurfa mai lamba 925. Aikin zoben ya fi kuɗi, amma aikin ya ƙi karɓa, kuma a nan ya saye ni.

Ba ya ɓoye kayansa. Ya ware aƙiƙin Yaman daban, na wajen Anis da Zamar, ya ware rinanne daban, ya ce shuɗin nan mai kashe ido da ruwan hoda yawanci rini ne. Ya sa na riƙe dutse da gilashi: dutsen ya fi sanyi a tafin hannu, gilashin kuwa da ƙananan kumfa a ciki in an haska.

Daga nan ne na sayi ƙaramin injin gugar tsakuwa na masu koyo, ganga ce ta roba da ke juyawa dare da rana. Ana zuba duwatsu kashi biyu bisa uku na gangar, da ruwa, da garin guga. Hawa huɗu ne, kowanne kusan mako: gari mai kaushi lamba 60 zuwa 90, sai 220, sai 500, sannan na sheƙi. Wata guda ke nan, mai gaggawa kada ya fara. Tsakanin hawa da hawa sai an wanke komai tas, don ƙwayar gari mai kaushi ɗaya in ta bi ta shiga hawan ƙarshe, duk duwatsun za su fito da zane. Ya kuma hana ni haɗa aƙiƙ da fairuz, wani shuɗin dutsen ado, a ganga ɗaya. Taurin aƙiƙ kusan 7 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, fairuz 5 zuwa 6, mai taurin zai cinye mai laushin. Ruwan tokar da ke fitowa ba a zuba shi a magudanar kicin, daskarewa yake ya toshe bututu. Wanda kuma zai goga da hannu a kan dutsen wasa, to da ruwa, domin ƙurar irin wannan dutsen tana lalata huhu.

Inda ban ji daɗi ba: alƙawarinsa ba rana. Ya ce mako, sai da aka doshi wata, kuma wayarsa ado ce. Garin gugar a leda yake ƙulla shi ya rubuta lamba da alƙalamin maka, rubutun gogewa yake, sai ki sake naki da kin isa gida. Injin ma yana da gurnani, wanda ke gidan haya a unguwar Sabil ko Karantina inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci ya nemi kwali da tsohon bargo ya ɗora shi a kai. Masu yin oda daga Amurka su duba, da yawa na wuta mai volt 110 ne.

Na tambaye shi inda mai koyo zai samo duwatsu. Ya ambaci zabarjad, wani koren dutse, na Harrat Kishb da farin dutsen Ƙaisuma da ake kira lu'ulu'un sahara, duka a Saudiyya, amma ya ce in fara da tarkacen aƙiƙ da yake aunawa a kilo. Tsakuwar Uhudu da ta cikin Harami kuwa da alhazai ke kawo masa, ba ya taɓawa, yana ce musu su mayar inda suka ɗauko. Ku je bayan la'asar, da safe yaronsa kaɗai za ku tarar, shi kuma ciniki kawai ya iya.