Water Metro na Kochi: jirgin ruwa mai batir da na shiga ya fi sau ashirin

Sati shida muka yi a Kochi, jihar Kerala can kudancin Indiya, na raka Yayana aikin gwiwa, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san in an sallame ku aka ce ku riƙa dawowa gashi, zaman ɗaki ne ke neman haukata mutum ba ciwon ba. Abin da ya kai ni ga Water Metro kenan. Farko ni kaɗai na je in gani ko zai yiwu da keken marasa lafiya, daga baya ya zama kusan kullum da yamma sai Yaya ya ce "kai ɗauko keken nan mu je mu sha iska", to shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kansa.

Ga wanda bai sani ba, Kochi gari ne da ruwa ya yayyanka, tsibirai ne birjik, kuma wannan jirgin haya ne na gwamnati kamar bas, sai dai a kan ruwa yake tafiya da batir. Firaministan Indiya Modi ne ya ƙaddamar da shi ranar 25 ga Afrilu 2023. Layin da aka fara da shi daga tashar High Court zuwa tsibirin Vypin, rupee 20, tafiyar kamar minti ashirin. Sai Vyttila zuwa Kakkanad rupee 30. Na Fort Kochi a 2024 aka buɗe, rupee 40 muka biya lokacin da muke can. Lokacin akwai katin sati 180, na wata 600, ni dai sai da na yi kwana goma ina yankar tikiti ɗai-ɗai kafin hankalina ya zo na yi lissafi, wauta tawa ce.

Abin da ya fara burge ni ba ma jirgin ba ne, wurin hawan ne. Ruwan nan yana cika yana janyewa saboda haɗe yake da teku, to in matakala ce ta siminti da safe za ka ga jirgi daidai ƙafarka da yamma sai ka dira ƙasa ko ka yi tsalle sama. Su sai suka yi dandamali mai yawo a kan ruwa, ruwa ya hau ya hau da shi, ya sauka ya sauka da shi, kullum bakinsa daidai da ƙofar jirgi. Wlh ranar farko da na turo Yaya na riga na ɗaura ɗamarar neman mutum biyu su kama min, sai kawai na ga keken ya shige kamar daga falo zuwa ɗaki. Yaya ya waigo ya ce "shikenan mun shiga?" na ce mun shiga Yaya. Wanda bai taɓa ciccibar babban mutum mai ɗinki a gwiwa ba ba zai gane darajar wannan abun ba, kuma tsofaffin matan tsibiran nan da sandunansu su ma haka suke wucewa ba mai riƙe musu hannu.

Jirgin kansa Cochin Shipyard ne suka ƙera, nan cikin garin, har kana hango wurin in ka bi wani ɓangaren. Ƙasansa biyu ne a jere na alminiyam, shi ya sa ba ya tangal-tangal sosai, mutum 100 yake ɗauka, 50 a zaune 50 a tsaye. Akwai esi mai sanyi har ya so ya yi yawa, tagogi manya, rigunan ruwa a ajiye. Ba ƙara. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin daɗi, babu wannan gurnanin injin da ke sa haƙoranka rawa, babu warin dizal, kana jin hirar mutanen da ke bayanka duk da ba ka jin ko kalma ɗaya ta Malayalam. Batirin wani nau'i ne da ke ɗaukar caji da sauri, cikin kamar kwata ɗin awa a tasha ya sha ya ƙoshi, sannan akwai janareta na dizal a ciki na ko-ta-kwana. Gudu kam ba ya yi, in kana sauri ranka zai ɓaci, amma in ka tuna cunkoson da ke kan gadojin Goshree, hanyar mota zuwa Vypin, da yamma sai ka ga ai kai ne a gaba.

Sai maganar ƙirga mutane. Ƙofar shiga da na'ura take, tana lissafa kai, adadi na cika ta rufe, ko kai waye sai ka jira na gaba. Wata Lahadi mai masaukinmu ya ce kar mu je da yamma don ranar 'yan yawon buɗe ido ne, na ƙi ji, muka je muka tarar da layi har waje, jirgi biyu suka tashi a gabanmu. Na fara ƙunƙuni ina cewa ga fili a ciki ai da sun ƙara mutum biyu, sai Yaya ya ce "mutum biyu biyun nan su ke kifar da jirgi". Gaskiyarsa. Ko sati biyu ba a yi da buɗe Water Metro ba, ranar 7 ga Mayu 2023, wani jirgin shaƙatawa da aka cika fiye da kima ya kife a Tanur, cikin Kerala ɗin nan dai, mutum 22 suka rasu yawancinsu yara. Tun daga wannan Lahadin ban sake jin haushin ƙofar ba.

To ina kuɗin ya fito, tunda kowa ya san rupee 20 ba za ta gina wannan ba? Gwamnati ce ta sa hannu. An ƙiyasta aikin a kan crore 1,136, wato rupee biliyan 11 da ɗoriya, ciki har da bashin Yuro miliyan 85 daga bankin raya ƙasa na Jamus, KfW. Kamfanin da ke gudanarwa kashi 74 na gwamnatin Kerala ne, 26 na kamfanin jirgin ƙasan garin. Ni a ganina nan ne aka yi dabara, don ɗan kasuwa zai iya sayen jirgi, amma ba zai yashe hanyar ruwa ba, ba zai gina tasha a tsibirin da mutanensa ba su da yawa ba, ba zai ja wutar caji zuwa bakin ruwa ba, balle ya tashi a kan lokaci da fasinja bakwai. Mun sha shiga da rana tsaka jirgi kusan wayam kuma ya tashi a lokacinsa. Kuma da yake hannu ɗaya ke riƙe da shi da jirgin ƙasa, kati ɗaya ne, Kochi1, a Vyttila kana sauka daga wannan ka taka kaɗan ka hau wancan ko ka shiga bas.

Amma fa akwai inda nake ganin ana zuzutawa. Mutane da yawa, har da wani da muka zauna kusa da shi yana ta yi min bayani da alfahari, suna cewa jirgin sola ne. Ba sola ba ne, na batir ne, daga layin wuta ake masa caji. Ita kuma Kerala duk da madatsar Idukki da sauran wutar ruwa da take da su, mafi yawan wutarta daga wajen jihar take saye, kuma wutar Indiya har yanzu akasarinta kwal ce. Hayaƙin bai fita a kan ruwan Kochi ba, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne ga masunta da masu shaƙar iskar, sai dai wani ɓangarensa ya fita a wata jihar. Sai ranar da solar da ke ciyar da cajin ta kai yawan abin da jiragen ke sha sannan zancen zai cika. Ba wai ba za su iya ba, filin jirgin saman da muka sauka ma tun 2015 yake ɗaukar nauyin wutarsa da sola, shi ne na farko a duniya da ya yi haka.

In jirgin sola na gaske kake so ka gani sai ka fita gari ka je Vaikom, na je ni kaɗai wata Asabar. Aditya sunansa, tun Janairun 2017 yake tsallaka mutane zuwa Thavanakkadavu, mutum 75, faifan sola shimfiɗe a rufinsa na kilowat 20, kuma ma'aikatar sabon makamashi ta gwamnatin tarayya ta tallafa wajen kuɗinsa. Ba esi, ba ƙyale-ƙyale, kujeru ne da iska. Lissafin da ya sa ya yi suna shi ne wutar da yake ci a rana ba ta kai rupee 200 ba, alhali na dizal mai girmansa yana shan man kusan 8,000. Shi wannan ya fi kama da abin da talaka ke hawa ya je aiki, na ga masu kwanduna da 'yan makaranta, ba mai ɗaukar hoto sai ni.

Wanda ya kawo ni ga ɗaya abin. Tsohon jirgin gwamnati na dizal daga Ernakulam, wato tsakiyar garin, zuwa Fort Kochi rupee 6 ne lokacin da muke can, sabon 40. Ga baƙo duk ba komai ba ne, amma mai zuwa ya dawo kullum da iyali a wuyansa ya san bambancin, sai dai in ya yi katin wata. Kuma aikin bai ƙare ba, tsarin jirage 78 ne da tasha 38 a kan kilomita 76 don haɗa tsibirai 10, abin da ke aiki lokacin da muke can bai kai nan ba, jiragen farko 23 aka ba da kwangilarsu. Ga wata ciyawa mai kama da kainuwa da ke rufe ruwan Kerala a wasu watanni, in ka bi layin Kakkanad za ka gan ta shimfiɗe kamar filin ƙwallo, ita ma kullum sai an kashe kuɗi a kanta.

Ni dai in maki ne huɗu cikin biyar zan ba shi. In za ka shiga ka zaɓi ranar aiki, wajen ƙarfe biyar, ka hau daga High Court ka zauna gefen taga, in an kusa Vypin za ka ga manyan tarunan nan da suke kira na Sin ana sauke su ana ɗagawa da igiya da duwatsu. Mai keke ya faɗa wa ma'aikatan tun a ƙofa, akwai wurin da aka ware masa a ciki. Ka riƙe 'yar riga mai kauri saboda esin, Yaya sai da ya yi mura a sati na biyu.