Bim ɗin ƙarfe ko na kankare? Amsa ga Alhajin da ke gini a Kubwa

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare wani Alhaji ya tambaya a nan guruf cewa yana gini a Kubwa, ƙasa sito ne mai faɗin mita 9, sama ofisoshi, kuma ba ya son fila ko ɗaya a tsakiya saboda mota ta riƙa shiga da kaya, to bim (abin da ake gittawa kan fila ya ɗauki nauyin sama) ɗin ƙarfe zai sa ko a zuba masa na kankare da rodi. Na ga kowa na ta yabon nasa, shi ya sa na ce bari in jera su tunda duka biyun na yi aiki da su.

Alhaji mu fara da nauyi, don a nan bambancin ya fi fitowa. Bim ɗin kankare da zai haye mita 9 ba ƙaramin abu ba ne, zurfinsa zai kai milimita 600 ko ya wuce, in faɗinsa 230 ne to kowace mita ɗaya ta kai kilo 330, ka ga guda ɗaya kusan tan 3 ke nan tun kafin a ɗora masa komai, kuma duk wannan nauyin fila da fandisho ne za su sha shi. Na ƙarfe kuwa, ɗauki misalin wanda ake rubuta wa 457x191x67, lambar ƙarshen ita ce kilo nawa ne a mita ɗaya, wato 67, mita 9 bai fi kilo 600 da 'yan kai ba. Misali na bayar fa, ban ce shi za ka saya ba.

Sai lokaci. Na kankare sai kafinta ya buga katako, a kakkafa gora a ƙasa, mai rodi ya lanƙwasa ya ɗaure, a yi kastin, a yi ta ban ruwa safe da yamma, kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, ba a gaggawar cire gora a ƙarƙashin dogon bim irin wannan. Na ƙarfe kiren ne zai ɗaga a aza a ɗaure, kwana ɗaya ko biyu an gama, sai dai dakin ɗin da zai hau kansa, wato daɓen bene, shi ma kankare ne, za a jira shi.

Wajen kuɗi kuma labari ya juya. Siminti namu ne, rodi ana yin sa a ƙasar nan, tsakuwa ga ta nan Mpape, leburori da magina ga su birjik. Manyan bim na ƙarfe kuwa yawanci daga waje ake shigo da su, tunda kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba, don haka dala na motsawa farashi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei zai motsa, ga kuɗin tirela tunda mita 12 ake sayar da shi ga na kiren. Shi ya sa duk mai gina gidan zama da ɗakuna mita 4 ko 5 in ya ce min zai sa ƙarfe nakan ce masa ya bari, asarar kuɗi ce kawai, kankare ya ishe shi har da saura.

Abin da masu yabon ƙarfe ba su faɗa maka ba shi ne wuta. Mutane na ganin ƙarfe ba ya ci da wuta sai su saki jiki, alhali in zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, sai ya fara lanƙwashewa da dakin a kansa. Kankare ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba domin rodin yana ɓoye a ciki. To Alhaji in katifu ko fenti ko taya za ka ajiye a sitonka, dole a lulluɓe bim ɗin da abin kare wuta, ka sa wannan a lissafi tun yanzu. Tsatsa ma haka, a goge shi a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin a ɗaga, musamman in da damina za a yi aikin.

Amma wallahi abin da ya fi damuna ha'inci ne. Kankare in an zuba shi ke nan, babu mai sanin rodi mai kaurin milimita 20 aka sa ko 16, ko buhu nawa aka rage, sai ranar da tsaga ta bayyana. Ƙarfe kana ganinsa da idonka, kana iya awo. Na taɓa yin odar bim 203x133x25, ya kamata guda ɗaya mai mita 12 ya ba da kilo 300, da muka ɗora a sikeli bai kai ba, na sa ma'auni a leɓensa na ga ya fi siriri, a ido kuwa ba za ka taɓa ganewa ba, a ranar na mayar wa mai shi kayansa. Kuma raunin ƙarfe a mahaɗa yake, inda ya zauna kan fila. Mai waldan da ya iya ƙofa da taga daban, wanda zai haɗa abin da mutane za su zauna a kai daban, kar a haɗa su don Allah.

Ni dai a wurinka ƙarfe zan zaɓa a ƙasa inda sito yake, ofisoshin sama kuma a yi su da kankare yadda aka saba. Sai dai girman bim ba a guruf ake yanke shi ba, ka samu injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya yi lissafi ya buga hatiminsa, dama sai da shi Development Control, masu ba da izinin gini a Abuja, za su amince da zanen. Kuma ka gaya masa tun farko in za ka ɗora tankin ruwa a sama, mai lita 2,000 in ya cika tan 2 ne, ya san inda zai zauna kafin a sayi ko da ƙarfe ɗaya.