Bindigar gam a aikin ƙyalle: inda ta yi mini rana da inda allura ta fi ta

Duk wadda ta fara haɗa hoto da guntayen ƙyalle da takarda da tarkace, ko ba daɗe ko ba jima sai an ce mata ta sayi bindigar gam. Ni ma haka aka yi ta faɗa mini har na sayi wata 'yar ƙarama a wani shagon kayan ɗinki a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Na yi aiki da ita cikin hunturu da bazara da damina, kuma ga inda ra'ayina ya tsaya: ga abu mai tauri da nauyi ba ta da na biyu, amma ƙyalle da takarda ba abokan tafiyarta ba ne. Tunda kuwa ƙyalle shi ne ginshiƙin aikina, dole in yi bayani dalla-dalla, don kada wata ta saya da zaton ta huta da allura da zare.

A Argungu nake zaune, kuma wannan aiki sha'awa ce kawai, ba sana'a ba. Kayan aikina mafi yawa daga ƙarƙashin keken telan unguwarmu suke fitowa: guntayen atamfa, shadda, leshi, yadin maza. Ranar da na fara roƙonsa ya tara mini, sai da ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi za ki yi da tsummokaran ga? Mu ko zubarwa muka yi." Yanzu shi da kansa yake ware mini masu kyawun launi, musamman gabanin sallah da ɗinki ke yawa. Sauran kayan kuma sakaina ce, da guntun fata daga wurin dukawa, da kaba, da wuri, da tsakiya, da ƙaiƙayin shinkafa wanda a ƙasarmu ba a rasa shi. Ina liƙa su a kan falankin filawud ko kwali mai kauri, in fitar da gulbi, ko soron gargajiya, ko dagin Arewa.

Ita bindigar ba ta da wani sarƙaƙiya. Ana cusa mata kandir ɗin gam ta baya, a jona ta da wuta, bayan kamar minti biyar sai ta yi zafi. In an matsa kunamarta, narkakken gam ya fito ta baki. Kandir ɗin iri biyu ne a kasuwa, siriri mai kaurin milimita 7 da babba mai milimita 11, kuma kowace bindiga da nata. Tawa ta siririn ce, mai cin wuta wat 20. Shi wannan gam nau'in roba ne, babu ruwa a cikinsa, don haka ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi da zarar ya huce, abin da bai wuce rabin minti zuwa minti guda ba. Duk alherinta da duk matsalarta daga nan suka samo asali.

Aikin da na fi gane ƙimarta a kansa shi ne hoton gulbin Matan Fada ranar bikin kamun kifi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin nan ya san abin da ido ke fara gani: goruna birjik a kan ruwa, da homa a hannun masunta. Bikin ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Na so a ce wanda ya kalli hoton zai iya kai hannu ya taɓa goran, ba wai zanensa ya gani ba. Sai na fasa tsohon gora, na goge bakin kowace sakaina da sanfefa har ta yi zagaye. Matsalar sakaina ita ce ƙumbarewa: ba ta kwanciya a kan katako, bakinta kawai ke taɓa shi. Farin gam na kafintoci ba ya riƙe ta, sai ta yi ta zamewa kafin ya bushe. Da bindiga kuwa, na zagaya bakin sakainar da gam, na danna, na ƙirga ashirin a zuciyata, shi ke nan ta zauna daram. Haka guntun tsohuwar homa da wani dattijo masunci ya ba ni. Na ɗiga gam a kan ƙulle-ƙullenta kawai, na bar sauran tana lilo, sai ta yi kamar yanzu aka ɗago ta daga ruwa. Wuri, maɓalli, fata mai kauri, igiyar kaba da na zagaye bakin hoton da ita, duk bindigar ta riƙe su ba gardama. Aikin da zai ci mini yini ina dannewa da dutse ina jira, ta gama shi tsakanin la'asar da magariba. A nan kam na yaba, kuma kuɗin da na biya ya halatta.

Da na zo kan ruwan gulbin ne labari ya canza. Na yanka shuɗiyar shadda da atamfa mai ruwan toka sirara-sirara, ina so su kwanta bisa juna kamar yadda igiyar ruwa ke yi. Gam ɗin zafi ba ya shimfiɗuwa. Layi yake yi mai tudu, kuma kafin ka baje shi ya daskare. Ƙyallen sai ya fito da jijiya a ƙarƙashinsa, ana ganinta daga nesa, musamman a shadda da hasken bugu ke tona duk wani tudu. A yadi marar kauri kuma gam ɗin yakan ɓullo ta sama ya bar tabo mai duhu wanda ba ya fita. Leshi da net na roba su ne suka fi shan wahala, domin zafin bakin bindigar yana tattare su nan take. Takarda ma haka, kowane ɗigo sai ya yi ƙulu a bayanta. Ga kuma siraran zarurruka da yake ja duk lokacin da aka ɗaga bindigar, kamar saƙar gizo-gizo, suna manne wa ƙyalle mai duhu, sai an bi da haƙuri ana tsincewa.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin ba da damar gyara. Daɗin wannan aiki yana cikin matsar da ƙyalle nan da can, ka ja baya ka duba, ka ga jan nan ya yi wa koren can kusa, ka sake masa wuri. Gam ɗin zafi ba ya jiran mai tunani. Farin gam da aka ɗan sirka da ruwa aka shafa da burushi yana ba ka mintoci kana gyarawa, ya bushe ba tabo, ƙyallen ya kwanta lif. A hunturu ma ba ya daɗewa bai bushe ba. Don bakin ƙyalle kada ya zare, nakan goge masa farin yadin nan mai gam na teloli da ake sa wa wuyan riga da dutsen guga kafin in yanka. Sannan inda nake son aikin ya daɗe, allura da zare nake bi da su a kan yadin da na shimfiɗa tun kafin in ɗora shi a katako. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin, mutanen Abomey, sun shahara da tutocin sarakunan Dahomey da ake yanka ƙyalle mai launi a ɗora kan wani, kuma da hannu suke ɗinke su. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, manyan ayyukansa na murafen kwalba da wayar tagulla ake ɗaure su. Ganin irin waɗannan ne ya ƙara mini yaƙinin cewa abin da ke lanƙwasa ɗauri yake so ko ɗinki.

Na gwada na gida ma don in kwatanta. Kokon sitaci yana kwantar da takarda da kyau, amma kyankyaso da gara suna sonsa. Ƙaro, wanda malamai ke zubawa a tawada, ya yi daidai da ƙaiƙayin shinkafa da yashi, sai dai in ya bushe yana tsattsagewa.

Sai maganar zafin garinmu, wadda mai shago ba zai faɗa miki ba. Abin da zafi ya narkar, zafi na iya sassauta shi. A watan Afrilu nan Kabi zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano ko cikin mota da aka rufe a rana. Wani ƙaramin hoto da ke rataye a bangon da rana ke duka da yamma, ƙwayoyin wuri da na liƙa a kan fenti mai santsi sun fara sunkuyowa kafin damina ta faɗi. Waɗanda ke kan ɗanyen katako da na karce da sanfefa ba su motsa ba. Don haka a kan gilashi, ko roba, ko fenti mai sheƙi, kada a dogara da shi shi kaɗai. Wannan raunin kuma yana da amfaninsa: in an ɗiga sifirit a gefen busasshen gam, yakan saki abu mai santsi salin-alin, a sake liƙawa.

Game da wuta, ƙaramar ba ta da ci, 'yar solar gidanmu tana ɗaukarta ba matsala. In babu wuta sam, na ga masu yin takalma da jaka suna kara kandir ɗin a harshen wuta suna shafawa. Yana yi, amma hayaƙi na baƙanta gam ɗin, kuma a kusa da tarin ƙyalle ban ga hikimar kunna wuta ba.

Ita kanta bindigar da na samu tana da nata aibi. Wayarta gajera ce ƙwarai, dole sai a gindin soket ake aiki. Ba ta da makunni, sai dai a zare ta daga bango. 'Yar ƙafar da take tsayawa a kai ba ta da ƙwari, kuma bakinta na ɗiga ko ba a matsa ba, shi ya sa kullum akwai tsohon faranti a ƙarƙashinta. Ba a kwantar da ita tana da zafi, gam zai koma baya ya toshe ta, kuma ba a jawo kandir ɗin da ya riga ya shiga. In ya ƙare, sabo ake turawa a bayansa.

Ina roƙon iyaye mata su kula da wannan: masu zafi sosai suna kaiwa wajen digiri 190, masu sauƙin ma kusan 120 ne, kuma gam ɗin manne wa fata yake yi yana ci gaba da ƙuna. In ya taɓa hannu, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi kamar minti 20, kada a fizge shi da ƙarfi. 'Yata mai sha'awar aikin farin gam da almakashi marar tsini na ba ta, kuma abin da take fitarwa da guntayen atamfa yana faranta mini rai ƙwarai. In tana son a manna mata wuri ko sakaina, ni nake riƙe bindigar, ita ta nuna mini wurin.

Wadda za ta saya, ta sa mai shago ya jona mata a gabanta ta ga gam ya fito sumul ba tare da ta yi ta matsawa da ƙarfi ba. Ta nemi mai makunni da doguwar waya ko da ta ɗan fi tsada, ta kuma tabbatar kaurin kandir ɗin ya dace da bindigar. Kandir ɗin ma ba duka ɗaya ba ne: ta lanƙwasa guda a hannunta, wanda ya tanƙwaru ya dawo shi ne mai kyau, wanda ya yi fari a wurin lanƙwasar ko ya karye ta bar musu abinsu. Daga nan ta biya layin masu kayan kafinta ta sayi ƙaramin gwangwanin farin gam da burushi mai faɗi, domin rabin aikin da su za ta yi.