Wasannin bulokcen: wanne ya dace Musulmi ya sa kuɗinsa?

Malamai ba su yi ittifaki a kan kuɗin kirifto, wato kuɗin dijital irin su Bitcoin, ba. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta Bitcoin a 2018, majalisar malaman hukumar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikin kadarorin dijital a kasuwanni masu rajista a 2020, Majalisar Malaman Indonesiya kuwa ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021. Ko wanda ya bi masu halattawa yana da sauran aiki, domin wasannin bulokcen, wato wasannin bidiyo da ake hada-hada da kirifto a cikinsu, ba hukuncinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne wasan da ake sayen abu sananne, kamar fili ko takobi na NFT (kadarar dijital da ake rubuta mallakarta a kundin bulokcen), mai saye ya ga siffarsa da farashinsa, ya shiga asusunsa, kuma ya iya sayar da shi ba tare da izinin kamfani ba. Wannan ya fi kusa da ciniki ingantacce, muddin abin yana da amfani na halal.

Akwatin sa'a, wanda ake biya kafin a san abin da ke ciki, garari ne tsantsa, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba. Beljiyam ma ta ɗauke shi caca tun 2018. Haka gasar da kowa ke zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne wasannin da ke biyan ɗan wasa. A wasan Axie Infinity, da farko sai mutum ya mallaki halittun wasan guda uku kafin ya fara, ladansa kuma kwabban kirifto ne masu suna SLP da darajarsu ta dogara ga shigowar sababbin masu saye, shi ya sa suka faɗi warwas da masu shiga suka ragu. Mai saye ya bincika ko ladan daga talla ko kuɗin hidima yake fitowa, ko daga aljihun wanda ya zo bayansa. Akwai kuma tsarin ba wani halittun ya yi wasa a raba abin da aka samu, wanda ya yi kama da ba da dabba a yi aiki da ita a raba: Hambalawa sun yarda, Malikawa kuwa suna ganin ɓatacciyar haya ce saboda ba a san ladan ba.

Idan wasa ya ce a ajiye kwabbai ya lamunce uwar kuɗi da ƙari ƙayyadadde, wannan rance ne da kuɗin ruwa, ko da wane suna aka kira shi.