Sunan Dimokuraɗiyya: Aro ko Ƙirƙira?

Masu Swahili na cewa "demokrasia", Turkawa "demokrasi", mu kuma dimokuraɗiyya. Duk aro ne daga Girkanci, inda "demos" ke nufin jama'a, "kratos" kuma iko. Ribar aro ita ce ko'ina ka furta za a gane, sai dai kalmar ba ta bayyana kanta.

Wasu kuwa gida suka koma. Sinawa na cewa "minzhu", wato jama'a ce mai iko. A Hindi "loktantra", tsarin jama'a. A Finland "kansanvalta", ikon al'umma, ko da yake can ana amfani da ta aron ma. Ni ƙirƙirar ta fi kwanta mini a rai, domin yaron da ya ji "kansanvalta" ya riga ya san mai ikon tun kafin malami ya buɗe baki.